Baba Umara da Tsingaron Tsibiri

Kullum bayan asuba Baba Umara mai fito yakan kwance kwalekwalensa, ya fara zagaya tsibirin nan na gabas da Kirikasamma kafin ya ɗauki kowa. Ba kifi yake nema ba. Tsingaro yake tsinta, fasassun tukwanen da ruwa ya zaizayo daga kufai, ya mayar da su tudu. Shekara goma sha tara ke nan. Bana, 1957, hannuwansa sun gaza, kuma ba wanda ya yarda ya gaje shi.

Ni dai har yau ban gane aikin ba. Asalinsa wani Bature ne mai awon ƙasa da Baba ya haura da shi tsibirin kafin yaƙin Hitila. Baturen ya nuna masa hoton wani tsibiri kusa da Karita a Bahar Rum, inda aka tono garin wasu mutane, wai Minowa. Ga matattakala, ga randuna, sun haura shekara dubu uku a binne. Ya ce wannan kufan ma kada a taɓa sai ya dawo. Shiru kake ji. Me ya haɗa Minowa da mu? Oho.

Matanmu masu ginin tukwane kuwa daka tsohon tsingaro suke yi su cuɗa da yumɓu don tukunya ta yi ƙwari, kuma na tsibirin ya fi kyau. Ƙanwar Baba Umara, Yakaka, ta taɓa zuwa da kwando ta ɗiba, mutane na kallo ya hana ta.

"Yaya, fasasshen kasko ya fi ni ke nan?"

Washegari ya bi juji-juji a Haɗeja ya tsinto mata wani tsingaron, kuma haka yake yi har bana.

Kai ne, Baba, ka sha dariyar kasuwa ba ka fasa ba. Na tambaye ka su wane ne mutanen kufan, ka ce ba ka sani ba.

"To, me kake gadi?"

Ka miƙo mini wani ɓallin bakin tulu. "Malam Inuwa, duba shatin yatsan wanda ya gina shi. Na ɗora nawa, ya zauna daidai. Yaya zan bari a daka?"

Na ɗora nawa ni ma.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Jama'a, ruwa zai cika nan da wata biyu. Wani ya karɓi sandar tuƙin nan, ko da shi ma bai gane ba.