Ɗoɗɗoyar Kaka

Jiya matar ɗana ta sa ɗoɗɗoya a miya. Tun daga zaure na jiyo ƙanshin, na aika a ce na ƙoshi. Ita ba ta san dalili ba. Kai bari in gaya maka.

Kakata ce ke shuka ta a bayan ɗakinta, inda ruwan alwala ke zuba. Da damina takan tsinko ɗanyen ganyen ta jefa a miya, ko ta kaɗe ɗaki da reshenta don korar sauro. Bayan girbi, idan an buge wake, sai ta daka busasshen ganyen, ta haɗa da toka, ta cuɗe waken a tulu, ta liƙe bakin da laka. Hannunta, zanenta, har tuwon da za ta miƙo maka, duk ƙanshin nan ne.

Wata shekara Allah ya ba mu wake da yawa, tulunanta suka kasa. Wanda aka zuba a buhu ƙwari suka fara huda shi, ga shi da shi za mu kai damina. Baba ya je kasuwar Tsanyawa ya dawo da ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake kira bom.

Kaka ta shinshina ƙullin, ta kawar da kai. "Wannan ba warin da ake kusanta wa abinci ba ne."

Baba ya ce, "Inna, ganyenki ba ya iya buhu. Ƙwari zan ciyar ko yara?"

Gaskiya ya faɗa.

Ya tura ƙwayar cikin buhunan, ya jera su a ɗakin da nake kwana da ƙanena, don shi kaɗai ke da ƙofar kirki. Lokacin sanyi ne, an toshe taga da tsumma. Ni ranar zazzaɓi nake yi, Kaka ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Da safe aka tarar warin ƙwayar ya cika ɗakin, ƙanena yana amai, numfashi na sarƙe masa. Ba a kai asibitin Bici da shi ba, a hanya ya cika.

Babu turare a gidan. Kaka ta murje ɗoɗɗoya a ruwan wankansa, ta goga saura a likkafani. Baba a hannu ya ɗauke shi zuwa maƙabarta, don ƙaramin yaro ne.

Waken kuwa, ƙwaro bai ƙara taɓa shi ba. Muka shanya shi a rana, muka ci har damina, don babu wani abincin. Baba bai taɓa kai shi baki ba.

Yanzu akwai buhu mai leda a ciki. Ka ɗaure bakin, ƙwari su mutu, ba ƙwaya, ba ganye. Ya zo mana a makare. Ɗakin Kaka ya daɗe da rushewa, amma duk damina sai ɗoɗɗoyar ta fito a wurin. Ba na cire ta. Ba na cin ta.