Shayin da Lalla Rkiya Ta Ƙi Sha

A Azemmur ta ƙasar Maroko, in ka ce Lalla Rkiya ba wanda zai tambaye ka wacce. Ungozoma ce a ƙaramin asibitin garin har ta yi ritaya, kuma rabin samarin da ke zaman shan gahawa a bakin kogi ita ta riga iyayensu mata ganin fuskarsu. Gajera ce, kakkaura, ga saurin fushi. Mutanen garin sun saba da faɗanta, suna ma jin daɗinsa.

Gudu kuwa da girmanta ta fara shi. Bayan rasuwar mijinta Si Larbi, likita ya ce mata suga ya hau, ko ta motsa jiki ko ta zauna jiran allura. Ta fara da tattaki a bakin kogin Ummu Rabi, tattaki ya koma sassarfa, wata safiya ta ankara gudu take yi. Abin da ya kama zuciyarta ba maganar suga ba ce. Tun tana budurwa ake ƙwanƙwasa mata ƙofa, a kira ta daga kan abinci, a tare ta a kasuwa a nuna mata ƙurji. Sai a gudu ta samu lokacin da ba mai neman komai a wajenta.

'Yarta Nezha, da ke aure a Sevilla can Turai, ita ta fara saka sunanta a gasar Kasablanka. Ta gama a can baya, cikin tsofaffi da masu tumbi, aka rataya mata lamba a wuya. Ta je ta Marrakesh, ta gama. Daga nan Nezha ta ce ta zo Sevilla ta gwada tasu.

Sevilla ma ba ta bar ta ta huta da fushi ba. Wani daga masu tsara layi ya hango tutar Maroko a rigarta, ya washe baki, ya ce ai 'yan Maroko a gudu kamar iska suke, ya ja ta har kusa da sahun gaba. Da aka busa usur saura kaɗan zaratan su tattake ta. Can tsakiyar hanya wata mai kyamara ta dinga bin ta tana ɗaukar kanta.

"Gaya mata kallabi ne, ba ƙaho ba!" ta ce wa Nezha da ke gefen titi.

"Mama, yi gudunki kawai!"

Ta yi, ta kuma gama. Duk tsawon hanyar ba wanda ya tambaye ta ya gida.

A garinsu ne abin ya gagara. Kowace bazara ana gasar gudu a Azemmur, a tashi daga gindin ganuwa, a bi bakin kogi, a dawo dandali inda ake hura wata babbar ƙofar roba ta ƙarshe. Duk shekarar da ta shiga, ba ta taɓa wucewa ta ƙarƙashin ƙofar nan ba. Ba ƙafa ce ta hana ba, gaisuwa ce. A Azemmur ba a wuce mutum da ɗaga hannu. Sai an tsaya, a sumbaci kumatu, a tambayi lafiya, a tambayi yara, a tambayi Nezha da mijinta, a sake tambayar lafiyar. Akwai shekarar da wata ta miƙo mata jariri tana tsaka da haki, wai ta duba cibiyarsa.

Waɗannan duk da sauƙi. Babban shingen shi ne Lhaj Bushaib, yayan marigayi mijinta, mai shagon man zaitun a kwanar ƙarshe kafin dandali. Ranar gasa yakan fito da faranti da buta da ganyen na'a-na'a, ya zauna bakin titi da abokansa. Da ya hango ta sai ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Rkiya, wallahi ba za ki wuce ƙofar nan ba sai kin sha shayi!"

Shi ke nan, ya ɗaure ta. Babba ya rantse a gaban jama'a, in ta wuce ta karya masa rantsuwa, ta ɗora masa kaffara. Sai ta zauna, gumi na zuba. Shayin kuma ba a gaggauta shi. A zuba daga sama, a mayar buta, a ɗanɗana, a ƙara sukari, a sake zubawa. Ita da aka hana sukari. Kafin ta ga gindin kofin an buɗe titi, motoci sun cika shi, an sace iskar ƙofar roba an naɗe ta.

Ta san ba karamci ba ne. Lhaj bai taɓa buɗe baki ya ce bai son matar ƙanensa tana gudu a gaban maza ba. Da ya faɗa da ta ba shi amsa. Sai ya naɗe hanin cikin kofin shayi, ya sa sunan Allah a kai, ta yadda in ta ƙi ita ce marar tarbiyya. Wannan ne ke hana ta sukuni. Takan dubi lambobin Kasablanka da Marrakesh da Sevilla rataye a ƙusa, ta ji kamar ta watsar da su. Baƙi sun bar ta ta gama, garin da ta karɓi haihuwarsa ya hana ta.

Bana likita ya duba gwiwarta ta hagu ya girgiza kai. Ya ce aiki za a yi bayan bazara, daga nan kuma gudun titi ya ƙare mata, sai tattaki.

"Wato wannan ce ta ƙarshe?"

"Ni da za ki ji tawa, wannan ma ki bar ta."

Ba ta ji tasa ba. Ranar gasa ta ɗaure kallabi tamau. Tun daga gindin ganuwa aka fara kiranta.

"Inna Rkiya, ya ƙafa?"

"Lalla, tsaya mana mu gaisa!"

"Inna, ko in kawo babur? Waɗanda suka ci har sun yi wanka!"

"Da na sani da na bar ka a ciki!" ta jefa wa mai babur, ba ta ko waiwaya ba. Sauran ta ɗora hannu a ƙirji, ta ɗan rusunar da kai, ta wuce. Ta ji wata na cewa tun da ta je Turai ta daina ganin mutane. Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. A bakin kogi gwiwar ta fara suka, kowane taku kamar ana murɗa mata ƙusa. Waɗanda ke tare da ita suka yi ta raguwa har ta ji motar da ke kwashe shingaye tana rarrafe a bayanta.

Ta sha kwanar ƙarshe. Ga faranti yana ƙyalli, ga Lhaj cikin farar jallabiya ya riga ya miƙe. Daga inda take tana hango saman ƙofar roba a tsaye.

"Rkiya! Wallahi tallahi ba za ki wuce ƙofar nan ba sai kin sha shayi!"

Ƙafafunta da kansu suka rage sauri, don sun saba. Abokansa har sun jawo mata kujera. Ta dubi kujerar, ta dubi fuskarsa, ta ga ɗan murmushin nan na wanda ya san ya gama da mutum.

"Yaya Lhaj," ta ce tana haki, "miskinai goma ne. Kana da hali. Ka ciyar da su."

Ta wuce.

Wani daga abokan ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Lhaj na kiran sunanta, yana kiran sunan marigayi, ba ta juya ba. Da ta isa dandali wani ma'aikaci ya riga ya durƙusa zai kashe injin iskar.

"Kai! Taɓa shi ka gani!"

Mutumin ya ɗago, ya ga ko wace ce, ya janye hannu. Ta wuce ta ƙarƙashin ƙofar tana ɗingishi. Lambobin sun ƙare, ba a ba ta komai ba, sai ragowar ruwa a gora. Ta zauna a gefen titi ta shanye, fushin bai sauka ba tukuna.

Lhaj bai yi mata magana ba har yau, ya kuma hana matarsa zuwa duba ta bayan aikin gwiwa. Amma mutum ne mai tsoron rantsuwa. Juma'ar da ta biyo bayan gasar aka fito da babban akushin kuskus da naman rago ƙofar shagonsa, miskinai goma suka zauna suka cinye tas. Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho da ke zama a ƙofar masallaci, ya tare ta ranar da ta fara fita da sanda.

"Lalla, Allah ya ba ki lafiya. Baɗi ma za ki yi gudun, ko?"

Ta harare shi, ta dogara sandarta, ta nufi bakin kogi.