Ƙwaryar Inna Kyauta

Shekara arba'in da ɗoriya, duk macen da ta rasu a unguwarmu nan Wurno, Inna Kyauta ake aika wa. Ita ce mai wankan gawa. Tana da wata ƙwarya da ba a shan fura da ita, a rataye bayan ƙofar ɗakinta, ciki da sabulu da turare da busasshen ganyen magarya. Da an yi sallama an faɗi sunan gida, ko tuwo take tuƙawa sai ta miƙa wa wata muciya ta ɗauki mayafi. Ko goro ba ta karɓa. Ni Sadiya surukarta ce, matar ɗanta Ƙasimu. Shekara goma sha tara muna gida guda, ban taɓa jin ta faɗi abin da idonta ya gani a jikin mamaciya ba.

Abin ya faro da ƙanana. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta tambayi Ƙasimu ko mijinta ya komo daga fadama, mutumin da ya daɗe a ƙasa. Munka yi dariya, munka ce tsufa ne.

Daga nan abin ya koma kan ƙwarya. Da ta ji hayaniyar mata bayan katanga, a ganinta rasuwa anka yi, sai ta sauke ƙwaryarta ta tafi aiki. Ranar farko gidan suna ta faɗa, ana tsakiyar guɗa, tana tambaya ina mamaciyar take. Innalillahi! Mai jego ta rungume jaririnta tana kuka, ni kuwa na je na janyo Inna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Karo na biyu shi ya gama da mu. Bilki, ƙawarta tun ƙuruciya, tana kwance ba lafiya, mata sun cika gidan wajen gaisuwa. Ina can bayan ɗaki ina wanki, Inna ta sulale ta shiga gidan Bilki da ƙwaryarta. Kwana biyu tsakani Bilki ta cika. Ba wanda ya aiko kiran Inna, kuma kafin a yi sadakar uku magana ta gama gari, wai mayya ce, ita ta kama kurwar Bilki. Wasu sunka ce a'a, aljanu ne sunka shige ta don yawan gawar da ta taɓa. Matan da ta wanke wa uwaye, su ne ke rufe ƙofa in sun hango ta. Har wani ya ba Ƙasimu shawara ya sa mata kwaɗo a ɗaki.

Ni ma ba zan ce hannuna fari ne ba. Na sha yi mata tsawa. Mace ta lissafo miki waɗanda sunka zo bikinta ɗaya bayan ɗaya, amma ta rantse ba a ba ta karin kumallo ba, ga kwanon nan a gabanta? Na ɗauka da gangan take yi. Allah Ya yafe mini, har yau abin yana ci mini rai.

Da rubutu da hayaƙi sunka ƙi yin komai, Ƙasimu ya bar aikin albasa kwana ɗaya munka kai ta asibiti Sakkwato. Likitar mace ce, ta zaunar da mu. Ta ce wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba aljani ba ne, kuma ba kowane tsoho ke yin haka ba. Ta ce abin da ya faru yanzu shi ke fara ɓacewa, na da can shi ke daɗewa, don haka Inna ba ƙarya take yi ba. Kada mu yi gardama da ita, kada mu kulle ta, mu sama wa hannunta abin yi. Na komo na bi gida gida ina faɗa. Wata ta dube ni ta taɓe baki ta ce, "Likita mi ta sani cikin sha'anin maita?"

Wani yammaci hankalin Inna ya ɗan dawo. Tana zaune bisa tabarma, ta ce, "Sadiya, mutane ba su shigowa gidan ga yanzu. To ni in na mutu, wa za ya wanke ni?"

Washegari na sauke ƙwaryar da kaina, na naɗe matashin kai cikin zane, na ce, "Inna, koya mini." Ikon Allah! Matar da a lokacin ta fara ce mini baƙuwa, ko abu ɗaya ba ta tsallake ba. A rufe tsiraici tukuna, a yi alwala, a fara daga dama, ruwan magarya, sannan kitso uku. In na yi garaje sai ta buge mini hannu, ta ce, "A hankali, ɗiyata, tana jin kunya." Kusan kullum haka muke yi, kuma daga nan ba ta ƙara fita da ƙwarya ba.

Bara, bayan an cire albasa, ranar wata Talata da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Maza sunka taru a ƙofar gida. Ciki kuwa ni kaɗai. Na ɗora ruwa, na shimfiɗa tabarmi, ina kasa kunne ko zan ji sallamar mace. Shiru. Wanka kuwa sai da mai zuba ruwa. Ina kuka ina faɗa ni ɗaya, ina cewa wallahi unguwar ga ba ta da alkawari.

Ruwa ya yi ɗumi ke nan sai na ji sallama. Mashkura ce, ɗiyar Bilki, da ɗanyen ganyen magarya a gefen mayafinta. Ta kasa haɗa ido da ni.

"Yaya Sadiya," in ji ta, "ranar da Inna Kyauta ta shigo gidanmu ina ɗakin. Ta taɓa ƙafar innata ta ji da ɗumi, tac ce, 'Wagga ai da ranta, ku ba ta ruwa.' Ta ajiye ƙwaryar ta zauna tana matsa mata ƙafa har barci ya ɗauke ta. Na gani da idona. Anka yi ta zaginta, ni kuwa na yi shiru."

Na miƙa mata moɗa, munka shiga ɗaki munka saki labule. Na rufe Inna da zanenta, na yi mata alwala, na koma ɓangaren dama. Mashkura ta yi garaje, ruwan ya zubo da yawa. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba.

"A hankali," na ce mata. "Tana jin kunya."