Hanyar Yanbu a Saman Rufin Gidanmu

Wata Juma'a ce bayan la'asar, cikin sanyin shekarar da na cika goma, Baba ya hawo saman rufin gidanmu na unguwar Ruwais da kofin shayinsa a hannu. An ɗan yi yayyafi da safe, irin na Jidda da yake fito da yara kan titi da gudu kamar ana rabon alewa, siminti bai gama bushewa ba, iska kuma tana kawo warin gishiri daga yamma. Ni ina kwashe shanya. Ya tsaya yana kallon tantabarun maƙwabta, can ya ce kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarda zai ara masa babbar motar gidansa idan an ba da hutun tsakiyar shekara, za a je Yanbu kwana biyu, a ga tsohon gari, a taka bakin teku. "Zulai, ke ce mai kai a gidan nan," in ji shi. "Ki tsara mana tafiyar." Murna ta sa na saki zanen Umma ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta, sai da na sake wanke shi kafin magariba.

Gara in faɗi tun yanzu abin da a lokacin na sani rabi-rabi. Baba ba shi ya haife ni ba, yayan mahaifiyata ne. Ita ta zo umra daga Sudan da cikina bayan rasuwar mijinta, ta zauna har bizarta ta ƙare, ta haife ni a ɗakin baya na gidan nan, ta rasu kafin a yaye ni. Wanda aka haifa a ɗaki ba shi da takardar asibiti, wanda ba shi da ita kuwa ba ya shiga iƙamar kowa, wato takardar izinin zama a ƙasar. Amna da Usman, 'ya'yan Baba, suna cikin iƙamarsa, kullum da safe su saɓa jaka su tafi makarantar gwamnati. Ni kuwa aka ce ƙirjina ba shi da ƙarfi, karatun Alƙur'ani a gidan wata malama bayan azahar ya fi dacewa da ni, alhali ko tari ban cika yi ba. Ban taɓa wuce iyakar unguwa da kasuwar Bab Makka ba. Babu abin da nake so a duniya lokacin nan kamar in shiga mota ɗaya da su, a rufe ƙofa, a tafi da ni.

Lokacin safiya ne ya fi yi mini tsawo. Da zarar ƙarar takalmansu ta ɓace a matakala, gidan sai ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan firji da muryar mai sayar da gas a lungu. In yi shara, in wanke kwanonin ful, dafaffen waken da muka ci da burodin tamis, in sa kunne a jikin tanki in ji ko an kawo ruwa, in kore kuliyoyi daga bakin kwandon shara. Umma, matar Baba, mace ce mai kirki amma marar surutu, tana iya yini a bakin keken ɗinkinta ba ta ce uffan ba. Idan na gama sai in ɗauko tsofaffin littattafan Amna in hau sama da su. Da haka na iya karanta Larabci fiye da ita, kuma ban taɓa barin ta ta manta da hakan ba.

Saboda haka da aka ba ni aikin tsara tafiya, na ɗauke shi da zafi fiye da yadda kowa ya zata. Na tsinto gutsuren farar ƙasa a inda ake gyaran wani gini, na zana hanyar tun daga bakin tanki har jikin katangar arewa. Teku na hagu, na cika shi da kifaye. Na jera garuruwan hanya, na sa Suwal, na sa Rabig, na sa Mastura inda aka ce kifinsu ba ya da na biyu, a nan na yanke za a ci abincin rana. Baba direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga rumbunan unguwar Khumra zuwa Yanbu shekara da shekaru, amma bai san komai na garin ba sai tashar jiragen ruwa da layin jiran sauke kaya. Labarin tsohon gari a bakin 'yan uwansa direbobi ya ji, cewa akwai gidajen da aka gina da dutsen teku, masu tagogin katako da aka sassaƙa, da wata kasuwa ta masunta tun ta kakanni. Yakan faɗa mini da idonsa a lumshe, ni kuma in hau sama in ƙara a zane. Na tsara ranar farko ta tsohon gari, da sanyin la'asar kafin a cika. Rana ta biyu ta bakin ruwa ce, a ƙafa, ba takalmi, har sai wanda ya fara gajiya ya ɗauki fulas ɗin shayi a komowa.

Na zama 'yar mulki ƙarama. Amna da Usman suka mai da zanena filin 'yar gala-gala, suna tsalle da ƙafa ɗaya daga Jidda zuwa Rabig, ni ina binsu da masifa ina sake zana abin da suka goge. Na hana Usman kujerar taga saboda yana amai a mota, na ba Amna ta dama, na ajiye wa kaina ta hagu, ɓangaren teku. Amna takan ce da Hausarta mai tsami, "Halas ya Zulai, kin ishe mu, ke ce kafili?" Umma ta soya cincin ta cika gwangwani, ta ɗinka wa kowa rigar sanyi, har da ni, tawa mai ruwan ganye. Duk wanda na tambaya ko da gaske da ni za a tafi, sai ya ce Allah ya kai mu, ya kau da ido.

Daga baya na gane abin da ke faruwa a bayan idona. A gidajenmu ɗan riƙo ba a faɗa masa maganar da za ta tuna masa cewa na riƙo ne, kawaici bai yarda ba. Umma tana jiran Baba ya faɗa, tunda jininsa ce. Baba kuma yana ta zarya gidan kafili, yana roƙon ko wata 'yar takarda ce a rubuta da za ta wuce da ni, ana ce masa gobe in Allah ya so. Ba zai iya fasa tafiyar ba, domin an riga an sanar da ƙanin Umma da ke Yanbu ya share ɗaki, ita kuma rabonta da fita Jidda tun aurenta. Ba zai iya saka ni a mota ba, domin idan aka tsayar da shi aka ƙirga kawuna aka duba iƙama, ba ni kaɗai za a ɗauka ba, aikinsa da zaman iyalinsa duka sun tafi.

Ana gobe tafiya Baba ya hawo saman rufin da hantsi, bai fita aiki ba. Ya tsuguna a bakin zanen, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bi hanyar da yatsa a hankali, ya yaba kifayen. Da ya wuce bayan gari kaɗan sai yatsan ya tsaya. Ya ce akwai abin da na manta ban zana ba, a nan akwai shingen 'yan sanda. Ni uwar iyawa, nan da nan na ɗauki farar ƙasa na ja layi biyu na gitta hanyar, har da ɗan ɗakin mai gadi. Sai da na gama na tambaye shi me ake yi a wurin.

"Takarda ake nunawa," ya ce. "Kowa da tasa."

Na dubi layin da na ja da hannuna, na dubi Baba, shi kuma yana kallon siminti. Ban yi kuka ba, girman kai ya hana ni. Na ce to su tabbata sun tashi bayan asuba, kada rana ta same su a hanya, kuma a ba Usman leda. Ya ɗora hannu a kaina ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya sauka.

Da safe na taya su loda kaya, ni na saka gwangwanin cincin a inda ba zai kife ba. Umma ta rungume ni, abin da ba ta saba ba, ta kai ni ɗakin Hajja Meramu, wata tsohuwa 'yar Hausawan Sudan da ke ƙasan gininmu tana sayar da gyaɗa. Ta tagar ɗakinta na ga motar ta juya kwana. Kujerar hagu babu kowa, sun ɗora bargo a kai.

Hajja Meramu ba mai rarrashi ba ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yalla, sa takalminki, gyaɗa ta ƙare." Muka shiga motar haya zuwa Bab Makka ta sayi ɗanyar gyaɗa, a komowa ta yanke ta cikin Balad, tsohon garin Jidda, wai ta nan ya fi inuwa. Ban taɓa shiga can ciki ba. Lunguna ne ƙanana, gidaje dogaye suna jingine da juna kamar tsofaffi a sahun salla, an tokare wasu da katako kada su faɗi. Ga tagogin sassaƙa da na yi ta zanawa, sun yi baƙi, an rataya wanki a jikinsu. Na kankare bango da farce, sai ga ɗan kwanson teku a cikin dutsen. Na juya da sauri zan nuna wa Amna, na ga ba kowa sai Hajja can gaba da buhu a ka, tana daka mini tsawa in ɗaga ƙafa. A ranar na san cewa ganin abu mai kyau ba tare da wanda za ka nuna wa ba, shi ma wani ciwo ne.

Washegari da yamma muka taka zuwa bakin teku, ba nisa daga Ruwais. Ta shimfiɗa ledarta, ta jera ƙullin gyaɗa, ta zauna ta ba ruwa baya. Na tambaye ta don me ba za ta juya ba. "Teku ba ya sayen gyaɗa," ta ce, "masu saye ta titi suke zuwa." Ta bar ni na ɗan taka, da sharaɗin kada in wuce inda za ta hango rigata. Na cire takalmi na bi gefen duwatsu. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ana zuba gahawa, uwaye suna kiran 'ya'yansu da suna. Na yi ta tafiya ina komowa tsakanin sandar fitila biyu, ina lissafin cewa yanzu su ma suna bakin ruwa, ruwan nan ɗaya, bisa tsarin da na yi musu. Kaɗaici ya cika mini ciki har na kasa cin gyaɗar da Hajja ta damƙa mini kyauta, ita da ba ta kyauta.

Da suka dawo, Amna da Usman suka cika gida da labari, sun bi tsarina tiryan-tiryan, har kifin Mastura. Umma ta kawo mini dabino da 'yan kunne. Baba kaɗai ne bai dawo da labari ba. Na jira ya kira ni ya lumshe ido ya ba ni labarin gidajen dutse, bai kira ba. Ko an tambaye shi sai ya ce lafiya lau, ya nemi shayi. Na ɗauka ya ga abin da yake so ya gani ya manta da ni, zuciyata ta yi sanyi da shi. Na ci gaba da gaishe shi da kai masa ruwan alwala, amma na daina tarar motarsa a bakin lungu. Haka muka zauna, cikin mutunci da nisa, har na girma, har aka buɗe ƙofar gyara takardu ya sha wahala ya samo mini tawa, har na yi aure na koma unguwar Aziziyya.

Bayan rasuwar Baba, ranar sadakar ukunsa, ni da Amna muna wanke tukwane a bayan gida, hira ta kai mu Yanbu. Ta ce har yau tana jin haushin yadda Baba ya ɓata musu hutun. Na ce kamar yaya? Ta dube ni da mamaki, ta ɗauka na sani. Ta ce a bakin tsohon gari ya sauke su, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya zauna a mota har suka fito. Washegari a bakin ruwa ma haka, ya ajiye motar a bayan wani shago, ya ƙi saukowa. Umma ta koma ta yi masa magana, Amna tana riƙe da gefen abayarta, ta ji abin da ya ce.

"Ku je ku gani. Ni sai ranar da zan zo da Zulai."

Ranar ba ta zo ba. Lokacin da takardata ta fito, ciwon suga ya riga ya cinye masa ido, ni kuma ban taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu an gyara Balad, an yi wa tagogin fenti, an sa fitilu, baƙi suna ɗaukar hoto a lungunan da Hajja Meramu take yankewa da buhu a ka. Bakin teku ya zama shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kujeru. Idan sanyi ya shigo, 'ya'yana sukan tsara hutu a waya kafin shayi ya huce, su miƙo mini in zaɓa, babu wanda zai tambaye su takarda gabansu ya faɗi. Ina binsu, ina jin daɗi. Amma duk inda muka tsaya, idan kowa ya fita da gudu, nakan ɗan dakata a cikin motar, in ji yadda shirun yake idan an rufe ƙofofi. Na girma ina ganin ni kaɗai aka bari a wancan hutun, ashe mu biyu ne.