Kalma ɗaya a jikin kwalbar rigakafi

Har na bar aiki ban manta da ranar da Ardo Buba ya zo ofishinmu na Jimeta da wata 'yar kwalba a aljihun rigarsa ba. Lokacin ina shekara ta uku a matsayin malamin dabbobi, wato mataimakin likita. Mu ne ke riƙe saniya, mu yi allura, mu kuma yi tafinta idan an shiga ruga. Shugabarmu ita ce Dakta Rifkatu, 'yar kudancin jihar nan, mace mai ƙarancin magana.

Kafin wannan rana da mako biyu mun je rugarsa a bayan Namtari yin rigakafin ciwon huhu. Tsarin aikin shi ne a fara da garken Ardo, domin in ya yarda sauran rugage za su biyo. Muna sauke akwatin ƙanƙara ya tambaye ni abin da ke cikin kwalbar.

A jikinta an rubuta live attenuated da Turanci. Na san kalmar attenuate tun muna makaranta, na haddace ta don jarrabawa, amma ban taɓa neman Hausarta ba. Na kuma yi tunanin in na ce akwai cuta mai rai a ciki, makiyayi ba zai bari a taɓa masa saniya ba. Sai na ce, "Bappa, ƙwayar cutar ce, amma an kashe ta."

Ya ce to. Muka yi wa garkensa duka, muka tafi.

Bayan kwanaki, shanu biyu suka kumbura a gurbin allurar. Hakan yakan faru jefi-jefi da irin wannan rigakafi, kuma yana da magani. Amma mun mance kwalba ɗaya a rugar, Ardo kuwa yana da ƙane, Malam Sa'adu, tsohon malamin firamare. Ya karanta, ya ga kalmar farko, wadda ke nufin mai rai. Kafin mu ji labari, rugagen da suka rage duk sun aiko cewa kada mu zo.

Ardo ya ajiye kwalbar a teburin Dakta, bai zauna ba. Ya ce, "Likita, malaminki ya ce an kashe. Ƙanena ya ce da ranta. Wane ne ya yi ƙarya?"

Dakta ta roƙe shi ya ba ta minti kaɗan, ta kira ni ɗakin ajiyar magani.

"Malam Iliyasu, me ka ce masa?"

Na faɗa mata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kalmar attenuate ba ta nufin kashewa, ba ta kuma nufin rage yawa, kamar a ce an rage shanu a garke. Ma'anarta a rage wa abu ƙarfi alhali yana nan. Ta nuna bangon da ke tsakaninmu da titi ta ce, "Kana jin ƙarar keke napep a waje? Ƙarar tana nan, bango ne ya rage mata kaifi. Da wannan kalmar masu ilimin sauti ke faɗin haka. Mu kuma muna faɗinta ga ƙwayar cutar da aka raunana har ta kasa kayar da dabba, amma jiki ya gan ta ya koyi yaƙi da ita." Sannan ta ce, "Kai ka faɗa, kai za ka gyara."

Muka koma ofis, na tsaya gaban Ardo. Na ce, "Bappa, Malam Sa'adu ne ke da gaskiya. Da ranta. An raunana ta ne, ba a kashe ta ba. Ni na sauya maganar don na ji tsoron za ka ƙi."

Ardo ya dube ni. Sai ya ja kujera ya zauna, ya juya wajen Dakta. Ya ce zamanin mahaifinsa, in ciwon huhu ya kashe saniya, sukan yanki ɗan huhunta su jiƙa shi kwanaki har zafinsa ya ragu, sannan su tsaga karan hancin masu lafiya su sa musu. Wasu su kumbura, wasu ma su mutu, amma garke ya tsira. Ya ce, "Da hannuna na riƙe wa babana shanu ana yin haka. Da ka ce mini raunanniya ce, da na gane kafin ka rufe baki, kuma da na sa ido a kan kumburi tun ranar farko."



Washegari muka je muka yi wa shanun biyu magani, suka warke. Ardo ya zagaya rugagen da kansa, yawancinsu suka dawo layi. Ruga ɗaya ta ƙi har ƙarshen wannan shekara. Ya kuma sa sharaɗi: Malam Sa'adu ne zai riƙa karanta kwalba kafin a buɗe. Dakta ta amince, ta rubuta mini takardar gargaɗi ta sa a fayil ɗina, kamar yadda doka ta tanada.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ga abin da na ɗauka. Ba rashin Turanci ne ya kayar da ni ba, raini ne. Na yanke wa mutum hukuncin abin da zai iya fahimta tun kafin in gwada shi, alhali ya fi ni sanin saniya nesa ba kusa ba. In kalma ta yi muku wuya, ku tsaya ku nemi Hausarta ko Fillancinta tun a ofis. In kun isa ruga, ku faɗi abin da ke cikin kwalba yadda yake, ku bar mai shanu ya yanke shawara a kan shanunsa.