Yaya Zalika da Reshenmu na Lyon

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Zalika. Ba uwarmu ɗaya ba: ita 'yar Tawa ce, ni daga Damagaram. A Lyon muka haɗu muna karatu, kuma duk ɗalibar da ta zo bayanta Yaya take ce mata. Ina son in ba masu karatu labarin wata ƙaramar ƙungiya da ta kafa, wadda ko shekara uku ba ta cika ba, domin yau ba wanda ke tunawa da ita sai mu da muka zauna cikinta.

A lokacin 'yan mata 'yan Nijar da ke jami'o'in Faransa ba su da yawa. Na Paris sun riga sun haɗa kansu, sun yi ƙungiyar ɗalibai mata da suke kira Ƙawance. Mu na Lyon kuwa kowa na ɗakinta, ga sanyi, ga kewar gida. Zalika, wadda ke karatun shari'a, ita ta hau jirgin ƙasa ta je Paris ta roƙi izinin buɗe reshe. Aka ba ta, tare da dokokin ƙungiya. Ba mu kai goma ba. Ranar Asabar muke taruwa a ɗakinta, wasu bisa gado, wasu a ƙasa, a dafa shinkafa da wake, a yi bitar darasi. In wata ba ta zo ba, Zalika ba ta aike, da ƙafarta take zuwa ta buga ƙofa.

A shekara ta biyu abin ya same mu. Akwai Fati, 'yar Maradi, mai son zama mai haɗa magunguna. Jarrabawar shekarar farko sau biyu kawai ake yarda mutum ya gwada, kuma duka biyun ba ta haye ba. Ta tashi daga ɗaliba, takardar zamanta tana gab da ƙarewa, mahaifinta kuwa ya riga ya gaya wa duk unguwa 'yarsa na karatun magani a Faransa. Ta rufe kanta a ɗaki, ta daina ɗaukar waya.

Dokar Ƙawance ta ce sai ɗaliba ce ke zama 'yar ƙungiya. Shugabar Paris, Ramatu, ta zo Lyon da kanta kan maganar. Ba mugunta ce ta kawo ta ba. Da sunan ƙungiyar ɗalibai aka yi musu rajista, kuma tana tsoron in aka karya doka a wuri guda, gobe kowa zai karya.

"Zalika, ke ce mai karatun shari'a," in ji ta. "Ke ya kamata ki fi kowa gane wannan."

"Na gane, Ramatu. Amma yarinyar nan yau ta fi bukatarmu. In muka cire sunanta a wannan makon, ban san abin da za ta yi wa kanta ba."

"To, sai dai a rufe reshen."

Zalika ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta kau da kai. Ta ce, "A rufe."

Haka reshen Lyon ya ƙare. Na ji zafin abin, domin ina alfahari da sunan nan. Amma Asabar ta gaba muka taru kamar kullum, wannan karon a ɗakin Fati. Zalika ta binciko cewa makarantar koyon aikin jinya na da tata jarrabawar shiga, kuma lokaci bai ƙure ba. Muka raba darussa tsakaninmu, ni na ɗauki Faransanci. Fati tana kuka tana karatu. Ta ci, ta sabunta takardarta, kuma Zalika ce ta zauna kusa da ita ranar da ta kira mahaifinta ta gaya masa gaskiya. Tsohon ya ce jinya ma taimakon bayin Allah ne.

Bayan mun gama, aiki ya kawo ni Paris. Zalika ta zauna Lyon, a can ciwo ya kama ta, aka kai gawarta Tawa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yan matanmu sun yi yawa a jami'o'i, har da masu digiri na uku. Tun kafin yarinya ta baro Yamai ta san ɗakin da za ta sauka, saboda rukunonin da suke da su a waya. Wannan zai faranta mata rai ƙwarai. Sai dai na san za ta tambaya: wadda ta yi shiru a rukunin, wa ke zuwa ya buga mata ƙofa?

A watan jiya na samu amsar da ta kwantar min da hankali. Fati, wadda yanzu ta daɗe tana aikin jinya, ta gayyace ni gidanta a La Courneuve, a gefen Paris. Na tarar da falo cike da ɗalibai, cikinsu har da biyu da shekarar ba ta yi musu kyau ba. A kicin kuwa wa zan gani? Hajiya Ramatu, tana juya miya. Ita ce ma ke ɗauko yaran a motarta. Ta ce min, "Ranar nan a Lyon na koma Paris ina ganin ni ke da gaskiya. Na daɗe kafin in gane abin da Zalika ta gani."

Taron nasu ba shi da suna, ba shugaba. Wata yarinya da ta ji muna ta ambaton Zalika ta ce, "Anti Fati, wace ce ita?"

Fati ta ajiye faranti, ta ce, "Ita ce ta yarda a rushe abin da ta gina don kada ni in rushe."

Yarinyar ta ɗaga hannu ta fara addu'a, sauran suka bi ta, alhali ba ɗayarsu da ta taɓa ganin fuskar matar. Allah Ya jiƙan Yaya Zalika, Ya haskaka makwancinta.