Tsohuwar Filta a Jakar Goggo

Shekara ashirin Goggo tana tallar zannuwa da motar da mijinta ya rasu ya bari, injin bai taɓa bugawa ba. Ranar juyen mai, da ƙafarta take zuwa sayen baƙin mai da filta, tsohuwar filtar na ƙunshe a jakarta.

Rannan wani sabon mai shago ya ga Goggo tsohuwa ce, ya miƙo mata abin da hannunsa ya kai.

"Duk ɗaya ne, Goggo."

Ta zaro tata, ta haɗa su baki da baki, roba ba ta hau roba ba. Lambar galan ɗin man da ya haɗa mata ma ba irin ta littafin motar ba ce.

"Ɗan nan, sake lale. Injin nan ya girme ka, kuma ba da 'duk ɗaya ne' ya tsufa ba."

Sumui-sumui ya shige ciki ya ɗauko na ainihi.